Fankar Lagireto: Yadda Ake Haɗa Ta Da Rile, Da Dalilin Da Ya Sa “Dairek” Ba Gyara Ba Ne

A watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, ba wuya a ga mota a gefen titi an ɗaga bonet tana fitar da tururi. Sau da yawa motar lafiya lau take tafiya a kan babbar hanya, sai da ta shiga cunkoson cikin gari allurar zafi ta fara hawa. Abin da ke biyo baya sananne ne: a kai ta wurin rewaya, ya leƙa, ya ce a yi wa fanka “dairek”, wato a ja mata waya ta riƙa juyawa tun daga murɗa makulli har zuwa kashe mota.

Fankar za ta juya, allura ta sauka, mai mota ya tafi da murna. Sai dai ba a gyara abin da ya lalace ba, an zagaye shi ne kawai. Abin da aka zagaye kuwa yawanci wani ɗan akwati ne baƙi da bai kai kwalin ashana girma ba, wanda ake kira rile. Fahimtar yadda yake aiki, da yadda ake haɗa shi daidai, na iya raba mai mota da asarar gasket, ko ma da gobara.

Yaushe inji ke buƙatar fanka?

Injin mota yana ƙona fetur, kuma kaso mai yawa na ƙarfin da ke fita daga ƙonuwar zafi yake zama. Ruwan da ke zagayawa cikin inji shi ke kwaso zafin nan ya kai lagireto, iska kuma ta ratsa lagireton ta tafi da shi. Tsakanin inji da lagireto akwai wata ’yar ƙofa mai suna tamostat, wadda a yawancin motoci take fara buɗewa idan ruwa ya kai digiri 80 zuwa 90 a ma’aunin Salshiyos. Murfin lagireto kuma yana riƙe matsi, yawanci ba 0.9 ko 1.1, abin da ke hana ruwan tafasa sai ya kai wajen digiri 120.

Idan mota ta miƙe a hanya, iskar da ke bugo ta daga gaba ta ishi lagireto. Aikin fanka yana zuwa ne idan mota ta tsaya inji na aiki, ko tana jan ciki a cunkoso, ko an kunna AC. Wannan ya ba da ma’aunin farko na gane matsala: motar da ke zafi a cunkoso amma ta huce a hanya, a tuhumi fanka. Wadda ke zafi a kan babbar hanya kuwa, matsalarta na wani wuri, kamar toshewar lagireto, ko famfon ruwa, ko tamostat da ya maƙale a rufe. Ko fanka goma aka yi wa dairek, irin wannan motar ba za ta warke ba.

Me ya sa sai da rile?

Fankar lagireto tana da cin wuta. Ƙaramar mota kan ja amfiya 10 zuwa 20 yayin da fankarta ke juyawa, manya su fi haka, kuma a daidai lokacin tashi takan fizgi ninki biyu ko uku na ɗan lokaci kaɗan. Domin kwatance, cajar wayar salula ta yau da kullum amfiya 2 ko 3 take bayarwa. Ƙananan makunnai da siraran wayoyin da ke cikin dashbod ba a yi su don ɗaukar nauyin fanka ba.

Rile makunni ne da wuta ke dannawa maimakon yatsa. A cikinsa akwai siririyar wayar tagulla da aka naɗe ta ɗaruruwan zagaye a kan ƙarfe. Idan ’yar wuta ta bi ta cikin naɗin, ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya jawo wani harshe, harshen ya haɗa bakin manyan wayoyi biyu. Wannan ce ’yar ƙarar “ƙas” da ake ji. Naɗin ba ya cin fiye da amfiya 0.2, amma harshen da yake jawowa yana iya ɗaukar amfiya 30 ko 40. Dabarar tsohuwa ce, tun zamanin wayar tangaraho a shekarun 1830 ake amfani da ita, kuma har yau ita ke kunna hon da fitilu da famfon mai a miliyoyin motoci.

Amfanin a fili yake. Babbar wuta tana bin gajeriyar hanya mai kauri daga batir zuwa fanka, duk a ƙarƙashin bonet. Ƙaramar wuta kaɗai ke zuwa wurin makulli da makunnin zafi.

Ma’anar lambobin da ke ƙafafun rile

Idan aka juya rile irin na mota, za a ga lamba kusa da kowace ƙafa. Lambobin sun fito ne daga wani tsarin Jamus mai suna DIN 72552, kuma kamfanoni da yawa a duniya suna bin sa:

- 30: nan babbar wuta ke shigowa daga batir, bayan ta bi ta fiyus.
- 87: nan wutar ke fita zuwa fanka, amma sai rile ya kama.
- 87a: ƙafar tsakiya ce a rile mai ƙafa biyar. Tana haɗe da 30 lokacin da rile ke hutawa, ta rabu da ita idan ya kama.
- 86: ɓangaren wuta na naɗin maganaɗisu.
- 85: ɓangaren at na naɗin, wato wanda ke komawa jikin mota, inda negetif ɗin batir yake haɗe.

A kula da abu biyu kafin saye. Akwai rile mai ƙafa biyar da ba shi da 87a, 87 biyu gare shi. Akwai kuma wanda aka musanya wa mazaunin 30 da 86, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. Saboda haka zanen da ke jikin rile shi ne abin dogaro, ba siffarsa ba.

Wa ke ba rile umarni?

A tsofaffin motoci, wani makunnin zafi ne da aka ɗaura a jikin lagireto ko a kan hanyar ruwa, kansa na tsome a cikin ruwan. Idan zafi ya kai wani mataki, galibi tsakanin digiri 90 da 100, sai ya haɗa. Idan ya sauka da ’yan digirori sai ya saki. Wannan tazarar ce ke hana fanka tashi da mutuwa kowane daƙiƙa. Yawancin makunnan suna ɗauke da lambobin biyu a jikinsu.

Kamfanoni sun sha bamban a nan. A Honda Civic da Accord na shekarun 1990, makunnin a buɗe yake idan inji na da sanyi, zafi ke rufe shi. A Toyota Corolla da Camry na wannan zamanin kuwa akasin haka ne: makunnin a rufe yake, zafi ke buɗe shi, shi ya sa idan aka zare soket ɗinsa makulli na kunne fanka take tashi. An yi haka ne da gangan, domin idan waya ta tsinke fanka ta yi ta aiki maimakon ta yi shiru. Volkswagen Golf 3, wadda ’yan haya suka sani sosai, da yawa tana da makunni mai ƙafa uku a jikin lagireto saboda fankarta gudu biyu gare ta. Wanda ya ɗauki makunnin Honda ya haɗa shi da tsarin Toyota zai sami fanka mai juyawa da sanyi, ta tsaya da zafi.

A motocin da suka biyo baya, ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira biren bokis, ita ke karanta zafi daga sensa, sannan ta ba ƙafa ta 85 at idan lokaci ya yi.

Kayan da ake buƙata

Bayanin da ke tafe na fanka ɗaya ne mai waya biyu, da makunnin zafi irin wanda zafi ke rufewa. Shi ne haɗin da ake yi idan an sa sabuwar fanka, ko tsohon haɗin mota ya ƙone.

- Rile na bolt 12 mai ɗaukar amfiya 30 ko 40, tare da soket ɗinsa.
- Babban fiyus da gidansa. Girmansa ya danganta da fanka, amma 30 ne aka fi amfani da shi. A fiyus masu ƙafa biyu, launi ke nuna girma: rawaya 20, kore 30.
- Ƙaramin fiyus na amfiya 5 domin layin naɗi.
- Wayar tagulla mai kaurin milimita sukwaya 4, ko 6 idan fankar babba ce ko hanyar na da tsawo.
- Siririyar waya mai milimita sukwaya 0.75 ko 1 domin naɗi.
- Makunnin zafi da ya dace da motar, wanda ke haɗawa a zafin da ya ɗara na buɗewar tamostat.
- Kawunan waya, filaya ta matse su, robar rufe haɗi, da mita ko fitilar gwaji.

A yi hattara da wayar da ke da launin tagulla a waje amma cikinta alminiyom ne. Idan aka kankare silinta da wuƙa fari zai bayyana. Irin wannan ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla mai kauri ɗaya da ita.

Matakan haɗi

1. A bar inji ya huce, a cire kan batir na negetif. A cire zobe da agogon ƙarfe, domin batir na iya narkar da zobe a yatsa idan ya haɗa wuta da jikin mota.
2. A kafa rile kusa da batir ko fanka, nesa da salansa, ƙafafunsa na kallon ƙasa don kada ruwa ya taru a ciki.
3. A ja waya mai kauri daga fozitif ɗin batir zuwa babban fiyus, daga fiyus zuwa ƙafa ta 30. Fiyus ya zauna dab da batir, domin aikinsa kare waya ne, kuma duk tsawon da ke gabansa ba shi da kariya.
4. A ja waya mai kauri daga 87 zuwa wayar wutar fanka.
5. Ɗaya wayar fankar a ɗaure ta a jikin mota da noti, bayan an kankare fenti da tsatsa. Kaurinta ya zama daidai da na wayar wuta, domin duk wutar da ta shiga ta nan za ta koma.
6. A ja siririyar waya daga layin da ke samun wuta sai an murɗa makulli, ta bi ta fiyus na amfiya 5, zuwa 86.
7. A ja siririyar waya daga 85 zuwa ƙafa ɗaya ta makunnin zafi, ɗaya ƙafar kuma zuwa jikin mota. Idan makunnin ƙafa ɗaya gare shi, ta jikinsa yake samun at, don haka kada a cika naɗa masa tef a zare.
8. A bar 87a babu komai, a rufe ta, domin tana ɗauke da wuta duk lokacin da fanka ke hutawa.
9. A ɗaure wayoyi nesa da fukafukan fanka da bel, a mayar da kan batir.

Gwajin farko ba ya buƙatar inji ya yi zafi. A murɗa makulli, a haɗa wayoyin makunnin zafi biyu da guntuwar waya. Rile zai yi “ƙas”, fanka ta tashi. Sai a kara takarda a gaban lagireto: ya kamata iska ta manne ta da shi, alamar tana shiga daga gaba zuwa wajen inji. Idan tana ture takardar, an juya wayoyin fankar, kuma irin wannan fanka faɗa take yi da iskar hanya.

Akwai rile masu ɗauke da dayod a ciki, wanda ke shanye tartsatsin wutar da naɗi ke mayarwa idan an yanke masa wuta. A irinsu dole wuta ta shiga ta 86, at ta 85. Idan aka juya, dayod ɗin zai ƙone ko fiyus ya tashi.

Batun matse kawunan waya ba ƙaramin abu ba ne. Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef, idan turjiyarsa ta kai om 0.1 kacal, kuma amfiya 20 na bi ta cikinsa, zai cinye bolt 2 daga rabon fanka, ya kuma fitar da zafin wat 40 a wuri ɗaya. Wannan ke narkar da soket, ya kuma sa fanka ta yi ta juyawa ba ƙarfi.

AC, makunnin hannu, da fanka biyu

Mota mai AC tana buƙatar fanka da zarar kwamfireso ya kama, ko da ruwa bai yi zafi ba. Hanya mai tsabta ita ce ƙara rile na biyu: 86 ɗinsa daga wayar da ke kunna kwamfireso, 85 zuwa jikin mota, 30 da 87 kuma su bi layin na farko. Kowanne ya kama, fanka za ta tashi.

Direban da ke son ikon kunna fanka da kansa, misali kafin shiga cunkoso, zai iya sa ƙaramin makunni a dashbod tsakanin 85 da jikin mota. Makunnin zafi na nan yana aikinsa, na hannu ƙari ne kawai, don haka mantuwa ba za ta ƙona inji ba.

Motoci masu fanka biyu, irin su Toyota da yawa da Peugeot 406, sukan yi amfani da rile uku domin samun gudu biyu. A gudun farko, wuta na shiga fanka ta ɗaya, ta fita ta bi ta 30 da 87a na rile na tsakiya, ta shiga ta biyu. Kowacce ta sami kusan rabin wutar, su juya a hankali ba ƙara. Idan zafi ya ƙaru, rile na tsakiya ya kama ya ba fanka ta ɗaya at kai tsaye, na uku kuma ya ba ta biyu tata wutar, kowacce ta sami bolt 12 cikakke. A irin wannan tsari mutuwar fanka ɗaya tana kashe gudun farko na duka biyun, abin da kan ruɗa mai neman matsala.

Abin da dairek ke jawowa

Na farko, gawayin da ke cikin motar fanka yana ƙarewa da yawan juyi. Fankar da aka yi don ta yi aiki lokaci-lokaci, idan ta koma yin sa’o’i ba hutu, kwananta ya ragu, kuma takan mutu ba sanarwa.

Na biyu, idan an ɗauko wutar daga layin makulli, duk nauyin fankar ya koma kan makullin da siraran wayoyinsa. Wani lokaci ma inji kan ci gaba da aiki na ɗan lokaci bayan an kashe mota, saboda fankar da ba ta gama tsayawa ba tana mayar da wuta cikin layin kamar janareta.

Na uku, dairek da yawa ba a sa masa fiyus. Ranar da wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, babu abin da zai yanke wutar sai wayar ta kama.

Na huɗu, an saba haɗa dairek da cire tamostat, musamman a motocin Beljiyom, bisa tunanin cewa tamostat na ƙasashen sanyi ne. Injin da aka yi wa haka yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da safe da lokacin hunturu. Ƙwaƙwalwar mota kuma idan ta ga inji da sanyi ƙara masa fetur take yi. Sakamakon shi ne shan mai, da baƙin fulogi, da saurin lalacewar baƙin mai.

Dairek yana da wuri ɗaya da ya dace: a kan hanya, idan rile ya mutu babu wani a kusa. A zare shi, a haɗa ramin 30 da na 87 da waya mai kauri, fiyus na nan a wurinsa, a isa gida. Da an tsaya a zare wayar, in ba haka ba batir zai ƙare.

Neman matsala, da taimakon wayar salula

Idan fanka ta ƙi tashi, a bi daga mai sauƙi. A fara da ruwa, bayan inji ya huce, domin buɗe murfin lagireto da zafi yana ƙona fuska da hannu. Makunnin da ruwa bai kai gare shi ba ba zai ji zafin gaskiya ba. Sai fiyus. Sai a musanya rile da wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin fiyus, kamar na hon. Da mita, tsakanin 85 da 86 ya kamata a ga om 50 zuwa 120. Jin “ƙas” kaɗai ba shaida ba ce, domin harshen na iya ƙonewa ya daina wuce wuta. Daga nan a gwada fankar kai tsaye daga batir ta hanyar fiyus. Hannu ya nisanci fukafukai, domin a wasu motoci fanka na tashi ko an zare makulli.

Wayar salula tana sauƙaƙa sauran aikin. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari da ake kira OBD2. Ƙaramar na’ura irin ELM327 tana shiga soket ɗin ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhaja kamar Torque ko Car Scanner kuma ta nuna zafin ruwa da lamba. Wannan ya fi allurar dashbod, wadda a motoci da yawa take zama a tsakiya ko zafi ya sauya da digiri masu yawa. A bar inji na aiki a tsaye, AC a kashe, a lura da lambar da fanka ta tashi da wadda ta tsaya. Manhajar na kuma karanto lambobin matsala: P0480 na nuni ga layin da ke sarrafa fanka, P0128 kuma na nufin inji ba ya kai zafin da ya kamata, abin da aka saba gani idan an cire tamostat ko ya maƙale a buɗe.

Motocin da ba a yi wa wannan haɗi

Sababbin motoci da yawa sun bar tsarin kunnawa da kashewa. Fankarsu tana da ɗan akwatin lantarki a jikinta, da wayoyi masu kauri biyu da siririya ɗaya ko biyu. Ta siririyar ƙwaƙwalwar mota ke aiko saƙon gudun da take so, daga kaɗan har zuwa ƙarshe. Tura bolt 12 cikin wannan siririyar waya, ko yanke akwatin a maye gurbinsa da rile, na iya lalata akwatin ko ƙwaƙwalwar kanta, kuma kuɗinsu ya ninka na rile sau da yawa. Irin wannan mota na buƙatar zanen wayoyinta da na’urar bincike kafin a taɓa komai.

Ga sauran motocin kuwa, mai mota ba sai ya zama rewaya ba kafin ya kare injinsa. Idan aka ce masa za a yi dairek, tambayoyi uku sun isa: wane abu ne ya mutu, fiyus ko rile ko makunnin zafi ko fankar kanta? Ina fiyus ɗin sabuwar wayar zai zauna? A digiri nawa fankar za ta tashi? Rewayan da ya san aikinsa zai amsa ukun da mita a hannu, kuma sau da yawa abin da za a canza bai wuce rile ɗaya ba.